Shayin Indiyar da Kika Bar Mini

Zuwa ga yayata Balkisu, a duk inda Allah Ya ajiye ki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda za ta same ki da rai, in kuma da rai, to da lafiya. Ni ce Hadiza, daga gidanmu na Ƙofar Rini. Ba ni da adireshinki, shi ya sa na kai ta jarida. Masu karatu su yi haƙuri, zancen cikin gida za su ji. In akwai wanda ya san wata doguwar Basakkwaciya mai wushirya a Jidda ko Makka ko Madina, don Allah ya karanta mata.

Yaya, Baba ba ya cin abinci. Dalilin rubutun ke nan, kada in yi ta kewaye-kewaye. Yanar ido ta rufe masa idanun duka biyu, ƙafa ta daina kai shi rumfar yadinsa, hankalin ma yau yana nan gobe ba ya nan. Tuwo ya kawar da kai, fura ya kawar da kai, kunun da ya sha tun yana yaro yanzu ko warinsa ba ya so. Abu ɗaya yake buɗe wa baki, shayinki. Likita ya ce muddin madara na shiga cikinsa da sauran fata. Ni kuwa kin san ni da tukunya, ba mu taɓa shiri ba.

Kin tuna yadda shayin nan ya shigo gidanmu? Lokacin da kuɗin mai ya cika gari, gwamnati na ta gina makarantu tana ɗauko malamai daga Indiya, kina aure a Runjin Sambo, katanga ɗaya tsakaninki da matar wani malamin lissafi. Ba ta jin Hausa, ba kya jin nata yaren, amma kuka ƙulla ƙawance a bakin risho. Ke kika koya mata waina, ita ta koya miki shayi. Da mijinki ya rasu a hatsarin mota kika gama takaba kika dawo gida, cikin kayanki har da ƙaramin turmi da wata tukunyar silba mai hannu, waɗanda ba kya bari kowa ya taɓa.

Mu duk shayin da muka sani a da shi ne na mai tebur, a zuba ruwan zafi, a ɗiga madara, a juya. Naki kuwa dafa shi ake yi kamar miya. Ki daka citta da kanumfari da masoro da kirfa, da waɗansu 'yan korayen ƙwayoyi masu ƙamshi, irin waɗanda alhazai ke kawowa don gahawa. Su fara tafasa a ruwa, ganyen shayi ya biyo, sannan madara da sukari, ki tsaya a kansa kamar mai jiran haihuwar akuya. Kullum kina cewa: "Wanga shayi ba a yi mai gaugawa. Bari shi taso, ki sauke, ki maishe shi."

Ina jin ki, amma ban taɓa saurara ba. Ina makarantar horon malamai a lokacin, ina ganin wanda ya iya alli da allo ya wuce zaman bakin murhu.

Baba da farko raina shi ya yi, ya ce ruwan Nasara ne aka sa wa yaji. Sai wata safiya ya kurɓa. Ya mayar da kofin babu ko ɗigo. Washegari muka ji shi daga zaure yana cewa: "Ku ce ma waccan ta kawo ruwan nan nata."

Waccan. Sunanki ke nan a bakinsa tun da kika zo duniya. Ke ce 'yar fari, shi kuwa mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wurinsa ba abin wasa ba ce. Bai taɓa kiran sunanki ba, bai taɓa ɗaukar ki a gaban mutane ba, in kina ɗaki yana ɗaki sai ya yi magana da bango ki tsinci saƙon. Ni kuwa Hadiza kaza, Hadiza kaza, har in gaji da amsawa. Na sha yi miki gori da wannan muna yara. Ke sai ki yi dariya ki ce ai kofin da ke dawowa wayam ya ishe ki.

Shekarar da ko mai faskare yana zancen kujerar Makka kika bi ayarin Kawu. Baba bai raka ki filin jirgi ba, al'ada ba ta bar shi ba. Ni na raka ki. Kin ce za ki zo mana da korayen ƙwayoyin nan cike da gwangwani, mu huta da roƙo. Kawu ya dawo da buta da tasbaha da jakarki, ban da ke. Ya ce a Jidda ana saura kwana kaɗan a taso kika fita sayen tsaraba, shi ke nan.

Tun daga nan kowane alhaji da labarinsa. Wannan ya gan ki kina sayar da abinci a bayan wani masallaci. Wancan ya ji kin auri wani mai shago. Wata ta rantse an yi miki sallar jana'iza a Harami. Inna ta bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya har suka kai ta kushewa. Baba kuwa ko sau ɗaya bai tambaya ba. Mutane suka ce taurin zuciya ne. Ni da nake share zauren na san inda tabarmarsa ta koma, ta koma daidai inda ake hango bakin hanya.

Da ciwon nan ya kwantar da shi na ɗauko tukunyarki. Yaya, da kina nan da kin yi dariya har kin faɗi. Ranar farko na ga ƙaramin turminki ya yi mini kaɗan, na daka kayan a turmin miya. Shayi ya fito yana warin daddawa, ko kajin gidan ba su kula shi ba. Rana ta biyu na ce madara madara ce, na sayi kindirmo wajen mai nono na zuba. Ya kekkece ya zama wani abu da ba shi da suna. Da na samo ɗanyar madara kuma sai na jefa ɗanyar citta a cikinta tun kafin cittar ta dahu a ruwa, madarar ta tsinke. A nan na tuna kin taɓa faɗa mini wannan, ina karatun jarrabawa ban ɗago kai ba.

Kuma garin ba wanda kika bari ba ne. Arziƙin ya janye. Indiyawan sun tattara sun koma, ƙawarki ma ban san ranar da ta tafi ba, balle in tambaye ta. Bafillatanar da kika saba da ita, wadda ke kawo miki madara tun da ɗuminta, fari ya cinye shanunsu. Ta gwangwani sai an bi layi, soja na tsaye da bulala. Na bi, Yaya. Ni wadda ɗalibai ke miƙe wa in na shiga aji, na yi tsallen kwaɗo a gaban jama'a don na matsa gaba da taku ɗaya. Korayen ƙwayoyin kuwa gida-gida nake bin hajiyoyi. In roƙi 'yan ƙwaya, in kuma tambayi labarinki. Ƙwayar ana ba ni.

Duk wanda na kai masa sai ya shinshina, ya ɗan taɓa da leɓe, ya miƙo mini. "Ba shi na ba." Maganar ke nan kullum, ba faɗa ba tsawa. Da ma zagi na yake yi da ya fi mini sauƙi. Ina kallon wuyan rigarsa na ƙara yi masa yawa.

Sai wata safiya da hantsi. Wallahi ban san abin da na yi dabam ba. Wataƙila gajiya ce ta sa na daina sauri, na tsaya ina kallon sa yana tasowa ina saukewa, hankalina na wani wuri. Na tace na kai masa. Ya shinshina ya daɗe. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, har ya shanye. Sannan ya laluba ya kama wuyan hannuna, ya ce: "Balkisu, ke ta? Kin daɗe."

Ya kira sunanki, Yaya. Da bakinsa, a sarari, ya cika shi har ƙarshe. Abin da kika yi rayuwarki kaf ba ki ji ba, ni na ji shi, ni da ba nawa ba ne. Na so in ce masa a'a. Na dubi kofin da ke hannunsa, na tuna Inna ta sha cewa muryarmu ɗaya, sai na ji bakina ya ce na'am.

Washegari na gwada gyarawa. Na kai masa shayin na ce, Baba, ni ce Hadiza. Ya riƙe kofin har ya huce, yana juya kai wajen ƙofa. Ranar ko ruwa bai sha ba. Ban sake ba.

Yanzu ke ce ke kawo shayi, ke ce ke kawo ruwan alwala, ke ce ke juya shi in bayansa ya gaji. Kunyar ta tafi tare da hankalin. Yana kiran ki ba dalili, don dai ya ji daɗin sunan a bakinsa. Yana ba ki labarin ranar da aka haife ki, yadda ya laɓe a bayan rumbu don ya hango ki ba a gan shi ba. Ina zaune ina karɓar abin da ba nawa ba, ba ni da inda zan ajiye miki shi. Ina jin haushinki, Yaya, ba zan ɓoye ba. In mutuwa kika yi, me ya hana a gaya mana mu yi kuka mu gama? In kina raye, wane irin abu ne a can ya fi wannan tsohon?

Shekaranjiya ya gama sha, sannan ya rage murya kamar mai tsoron a ji. Ya ce: "Ita ko Hadiza ina tat tahi? Tun da kinka zo ban ji ta ba. Ta gaji da ni, ko?"

Na ce masa tana nan zuwa. Na fita bayan ɗaki na toshe bakina da gyale.

Ban ƙara sa ran jirgi zai sauke ki ba, ƙarya ce in na ce ina sa rai. Amma in wannan ta kai gare ki, ki zo ko na yini ɗaya ne, ki amsa sunanki da kanki, ni ma in shigo da sallama in gaishe da ubana. Ba na so ya tafi yana zaton na gudu na bar shi.

Ya Allah, in Balkisu na raye Ka juyo da zuciyarta gida tun da sauran lokaci. In ta riga mu, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haɗa ta da Inna, Ka isar mata da abin da Baba ya faɗa. Ka sassauta wa Baba, Ka sa ya cika da imani. Ni kuma Ka ba ni ƙarfin ɗora tukunya gobe. Amin.

Wassalam.

Taki ƙanwa, wadda ba ta je ko'ina ba,
Hadiza
Ƙofar Rini, Sakkwato