Kalmar Sirrin Da Ake Shelarta A Rediyon Oba-Oba

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ke raba mana taki a kudancin Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina da koke, ina kuma da tambayar da ta fi koken damuna.

Ƙanena Haladu shi ne mai kula da rumbunku na Burumburum. Ran Talatar da ta wuce, da hantsi, aka kira shi a rediyon oba-oba, aka faɗi kalmar sirrinku ta wannan wata daidai, aka ce ya loda wa wata mota taki zuwa Doguwa. Ya loda. Motar ba ta isa ba, hedikwata kuma ta ce ba ita ta yi kiran ba. An dakatar da shi, ran Litinin kwamiti zai zauna a kan korarsa.

Na farko: dokarku ta ce duk wanda ya faɗi kalmar a bi umarninsa. Ita Haladu ya bi. Wane sashe nata ya karya?

Na biyu, kuma nan ne mamakina. Na tambaye shi yadda sabuwar kalma ke iso masa. Ya ce farkon kowane wata hedikwata ke karanto ta ga Yako da Burumburum da Doguwa, sau uku saboda ƙarar iska, ta wannan rediyon dai. Ashe ƙofa kuke kullewa, ku rataye mabuɗin a jikinta? Wa ya tsara haka, kuma wa ya zata ba ya sauraro?

Na uku: shekarun da na yi a ɗakin labarai sun sa ni karance-karance. Na ga masana lissafi sun warware wannan matsala: ka aika wa mutum kwaɗo a buɗe, mabuɗin na aljihunka, ya kulle saƙo ya dawo maka da shi. Ban san ko na'urorinku za su iya ba, zan so injiniyanku ya fahimtar da ni. Amma ko Arɗon da ke kiwon shanuna ba ya sakin sa ga ɗan aike sai ya yi masa tambayar da ni da shi kaɗai muka san amsarta.

Roƙona: a dakatar da zaman kwamitin, a mayar da Haladu bakin aiki, a ba kowane rumbu tasa kalmar a rufaffiyar ambulan, hannu da hannu.

Jiya na zauna wajen wani mai gyaran rediyo a kasuwar Tudun Wada, ya murɗa mini akwati har muka kamo ku. Wani direbanku na faɗin kalmar, hedikwata na maimaitawa. Kalmar wannan wata ita ce “tsamiya”. Idan faɗinta ya isa hujja, to ga umarnina: a mayar da ƙanena.

Allah ya ƙara maka basira da adalci, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Yayan Haladu,
Tudun Wada.