Harafin da Na Ƙara a Takardar Likita

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Lawal mai yadi.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Baba, bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka a yalwace, da haske a cikinsa. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Yaya Sada yana zaune a rumfarka ta Babbar Kasuwa, har yau da tsohon almakashinka yake yankan yadi. Ni kuma ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a nan cikin gari. Na yi aure, ina da yara biyu da ba su san ka ba sai a hoto.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Malamai da ɗaliban da ke bin shafina su za su karanta, kuma na yarda su karanta. Shekara tara ke nan da rasuwarka. Bakwai daga cikinsu na yi su ina ɗauke da wata magana da kai ya kamata ka fara ji.

Shekarar da na gama sakandare ciwon hanta ya kwantar da kai. Cikinka ya kumbura, idanunka suka koma ruwan ɗorawa, abinci kuwa sai an yi ta lallashi. Likitocin nan gida sun yi iya ƙoƙarinsu, har suka fara yi mana magana a hankali, irin maganar da ake yi wa wanda ake tausayi. Kai kuma ka riga ka faɗa mana abin da kake so. Ka ce, "Idan lokaci ya yi, a bar ni a ɗakina, a kai ni kusa da iyayena. Ba na son a yi ta yawo da ni."

Sai wani abokin cinikinka da ke zaune a unguwar GRA ya karɓi hotunan da aka ɗauka a asibiti, ya aika wa wani likita a Indiya. Bayan kwana biyar amsa ta zo, aka buga ta a takarda aka kawo gida.

Bayan la'asar ne. An shimfiɗa maka katifa a ƙarƙashin bishiyar bedin da ke tsakar gida. Yaya Sada, wanda karatunsa na allo ne da na kasuwa, ya juya takardar ya ce gara a kai wa likitanka gobe ya duba. Ka girgiza kai. Ka ce, "Likita sai ya tauna magana kafin ya ba ka. A ba Uwata. Don me na kai ta boko?"

Uwata kake ce mani, don sunan mahaifiyarka na ci. Ranar nan sunan ya yi mani daɗi fiye da kullum. Ga yayana namiji a tsaye, amma ni aka miƙa wa takarda.

Har yanzu zan iya rubuta layukan nan biyu ido rufe. Na farko: There is little chance that surgery will help him. Na biyu: Few patients at this stage benefit from it. A ƙarshe likitan ya ce idan iyalinka sun so, za a iya kawo ka su duba.

Na san little, kaɗan ne. Na san few, shi ma kaɗan ne. Haka aka koya mana, haka na rubuta a jarrabawa na ci. Sai na ɗaga kai na ce, "Sun ce akwai 'yar dama aikin zai yi amfani. Sun ce akwai wasu 'yan marasa lafiya irinka da suke samun sauƙi."

Ka ce, "'Yar dama kika ce?"

Na ce e, Baba.

Ka daɗe kana kallon Inna, ta rufe fuska da mayafi tana hamdala. Sannan ka ce, "To, tunda akwai, kada a ce na ƙi neman magani. A shirya."

Aka sayar da gonarka ta Batagarawa don kuɗin tafiya. Ba ita ke damuna ba, Baba, kada ka yi zaton haka. Abin da ke damuna shi ne safiyar da Yaya Sada ya tallafe ka zuwa mota za ku Kano ku hau jirgi. Ka tsaya a bakin zaure, ka juyo ka kalli gidan tun daga ƙofa har can ƙarshen tsakar gida. Ni kuwa murmushi nake yi. A zuciyata ni ce na samo maka hanya.

Kwana goma sha tara kuka yi a can. Ba a yi aikin ba. Aka rufe ka a wata maƙabartar Musulmi, a garin da Inna ba ta iya kiran sunansa daidai har yau. Yaya Sada ya dawo shi kaɗai da jakarka. Daga lokacin ya daina wasa da ni. Gaisuwa kawai, sai abin da ya zama dole. Na ɗauka nauyin gida ne da ya faɗo mashi.

Bayan shekara biyu ina kwalejin ilimi, a ajin nahawun Turanci. Malamin, wani dattijo ne mai sanyin murya, ya ce yau za mu yi determiners da quantifiers, wato ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna su faɗa maka wanne ne, ko nawa ne, ko yaya yawansa yake. Ya bi ta kan much da many, ya bi ta kan some da any. Ina ta rubutu, hankalina rabi yana kan motar da zan hau in koma gida. Sai ya rubuta a little a gefe ɗaya na allo, little a ɗaya gefen. A ƙasansu ya rubuta a few da few.

Ya juyo ya yi mana da Hausa. Ya ce, "Mu kaɗan ɗinmu ɗaya ne, murya ce ke nuna inda muka dosa. Bature kuwa harafi ɗaya yake sawa ko ya cire. In ya ce a little, yana nufin akwai, ko da ba yawa. In ya cire a ɗin nan ya ce little, yana gaya maka kusan babu. Haka few da a few, sai dai su na abin da ake ƙirgawa ne. Wanda ya ce yana da a few friends, godiya yake yi. Wanda ya ce yana da few friends, kuka yake yi."

Aji ya yi dariya. Ni biro ne ya faɗi daga hannuna.

Ban jira darasi na gaba ba. Dama na ajiye kwafin takardar nan cikin takardun makarantata, don alfahari na ajiye ta, Allah ya yafe mani. Ina isa gida na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na bi layin da yatsa kamar mai koyon baƙi. Ina neman harafin a. Na duba kafin little, babu. Na duba kafin few, babu. Na kai takardar bakin taga ko tawada ce ta dushe. Babu, Baba. Likitan nan gaskiya ya rubuta. Cewa ya yi da wuya aikin ya yi amfani, kuma kusan babu wanda yake amfana a irin matakin da ka kai. Ni na sa harafin da bai sa ba. Da bakina na ɗauke ka daga ɗakinka.

Na sha tambayar kaina ko rashin sani ne kaɗai. A sakandare ba wanda ya taɓa tsayawa ya raba mana su, wannan gaskiya ne. Amma akwai kalmomi biyu a ƙasan takardar da ban gane ba, na tsallake su ban faɗa ba. Kuma takardar gaba ɗaya babu ɗumi a cikinta, ko a lokacin na ji haka. Da na ce ban tabbata ba, a kai wa likita, da an kai. Ban ce ba, saboda kana kallona, kuma ina son in zama wadda ka ce.

Na yi shiru. Na gama kwaleji, na fara koyarwa, na yi shiru. Ɗalibaina sun san ni da tsanani a kan wannan darasi. Mako biyu nake yi a kansa, alhali a manhaja kwana biyu aka ba shi. Ba na yarda da cike gurbi kawai. Sai yarinya ta tashi ta faɗa mani da Hausa abin da jimlar take nufi, akwai ne ko babu. Wadda ta ce ba ta sani ba, nakan ba ta maki, su yi ta mamaki. Ba su san dalili ba.

Watan jiya wata maƙwabciyarmu ta zo wajen Inna neman shawara, ana son fitar da mijinta waje neman magani. Na zo gaishe da Inna ne, ina zaune ina tsince shinkafa. Inna ta ce mata, "Kada ki yarda. Mu ma haka suka rubuto, wai akwai dama. Allah ya isa tsakanina da likitan da ya rubuta takardar nan. Kullum na idar da sallah sai na faɗa."

Ban san tana faɗa ba, Baba. Shekara tara uwata tana kai ƙarar mutumin da bai yi mata komai ba, kuma Wanda take kai wa ƙarar ya san mai laifin.

Washegari na tafi kasuwa. Na jira Yaya Sada ya sallami masu saye, na zauna a kan bencinka, na faɗa mashi duka. Ina jira ya yi ihu. Sai ya ci gaba da naɗe yadin da ke hannunsa, ya ce, "Na sani."

Ya ce kwana biyu da isarku likitan ya zo da tafinta. Likitan ya tambaya me ya sa aka wahalar da kai da doguwar tafiya, bayan ya rubuta a fili cewa da wuya. Tafintan ya faɗa a gabanka, ka ji komai. Yaya ya ce ya tashi zai buga waya gida, ka riƙe bakin rigarsa. Ka ce, "Ba za ka faɗa wa Uwata ba, ba za ka faɗa wa uwarku ba. Ni na ba ta takardar. Yarinya ce. Ka yi mani alkawari."

Ya yi alkawari, kuma ya cika. Ya ce yafe mani ne ya gagare shi, ya yi ta ƙoƙari.

Na tambaye shi yadda sauran kwanakin suka kasance. Ya ce in bar maganar, na nace. Ya ce sun nemi a mayar da kai gida, aka ce jikinka ba zai ɗauki jirgi ba. Ya ce kowace safiya idan ka buɗe ido, tambayarka ɗaya ce: "Sada, yau za mu gida?" Shi kuma ya ce maka gobe in sha Allahu. Da hankalinka ya fara gushewa, sai ka riƙa ce mashi ya buɗe ƙofar zaure, kana jin sallama. Ni na tambaya, ni kuma na kasa tashi daga bencin har aka kira azahar.

Inna ita ce ta ƙarshe. Na durƙusa a gabanta, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, na faɗa mata duka har da alkawarin da ka sa ya yi, na ɗauko takardar na nuna mata wurin da harafin ya kamata ya kasance. Ita da ba ta karanta boko, ta karɓa ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce, "Ɗan wannan?" Na ce ɗan wannan, Inna. Ta miƙo mani takardar, ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwana uku ba ta yi mani magana ba. Kullum nakan zo daga gidana in gaishe ta, ta amsa da ka. Rana ta huɗu na same ta a kan sallaya. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na janye. Na janye daga kan likitan nan, na roƙi Allah ya yafe mani haƙƙinsa. Ke kuma ubanki ya riga ni ɗauke maki laifin, ba zan saɓa mashi ba."

Haka muke yanzu. Tana amsa gaisuwata, tana wasa da yarana. Har yau ba ta kalle ni ido cikin ido ba, kuma ban ga laifinta ba.

Baba, ka rufa mani asiri a lokacin da kake da ikon yin fushi, kana kwance a ƙasar da ba ka san kowa ba. Ban samu na nemi gafararka kana raye ba. Ina nema yanzu, a gaban duk wanda ya karanta wannan. Ka yafe mani, Babana.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa wahalar tafiyar nan ta zama kankarar zunubi. Allah ya sa baƙin da ke kwance kusa da kai su zama maƙwabta na gari. Allah ya saka wa Yaya Sada da alheri, ya sanyaya zuciyar Inna, ya tsare harshena daga faɗin abin da ban tabbatar ba. Allah ya haɗa mu a gidan da ba a fita.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Asma'u
Katsina