Ni Kaɗai Nake Yi Wa Iskar Yamma Addu'a

Zuwa ga Loretta, farin watana, sanyin idaniyata, furen itacen ceri na watan Mayu, ke da muryarki ta fi ruwan tafki daɗi ranar da zafin Yuli ya kai intaha,

Na san kin riga kin fara dariya. Yi abinki, ni ma da ni ne a wurinki da na yi. Wendell mai tifa, ɗan shekara sittin da shida, tsohon tuzurun da duk garin nan suka fid da rai da shi, yau shi ne riƙe da biro yana kiran mace farin wata! Wannan ita ce takarda ta biyar, sauran huɗun suna cikin murhu. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da sitiyarin katafila bai san lallashin biro ba.

Me kika yi mini ne, Loretta? Tun ranar Lahadi ban koma daidai ba. Shekaranjiya na ɗauko yashi cike da tifa, na wuce inda zan juye da mil uku ina waƙa, ni da ko a coci motsa baki kawai nake yi. Jiya Merle mai gidan abinci ya tsaya a kaina da butar gahawa, ya ce ko in tafi asibiti ko in tafi wurinki, amma don Allah in daina yi wa kwalbar gishirinsa murmushi, ina korar masa masu ciniki.

Ga kuma Asabar tana tahowa a guje. Asabar motar kaya za ta tsaya a ƙofar gidanki, 'yarki Corinne ta kwashe ki zuwa Arizona, tun da injiniyan gunduma ya ce bangon bayan gidanki ba zai ƙara kai wani sanyin ba. Gaskiya ya faɗa, ni na fi shi sani. Kwana biyu suka rage mini, shi ya sa zan zazzage miki abin da na ɓoye shekara goma sha ɗaya.

Kin san yadda muke da Tsohuwa. Ba wanda ke ce mata tudun yashi a garin nan, ai ta wuce haka. A idonmu ta haɗiye gidan su Dykstra har da bututun hayaƙi, ta haɗiye rijiyarsu, ta cinye tsohon titi, itatuwan da muka hau muna yara yanzu kawunansu kawai ake gani. Shekarar da mijinki Harlan ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ita ce shekarar da ta iso igiyar shanyarki. Ran nan kika fara kirana a waya. Na zo da katafila da tifa, na kwashe, ta dawo, na kwashe, ta dawo. Kowa yana cewa Wendell mutumin kirki ne, dubi yadda yake wahala a kan gidan matar marigayi.

To, ba mutumin kirki ba ne. Ga gaskiyar: duk lokacin da iskar yamma ta taso daga tafki, kowa a garin yana tsine mata, ni kaɗai nake yi mata addu'a. In ji tana kaɗa kwanon rumfata, sai zuciyata ta yi fari fat, in je in aske gemu, in zauna kusa da waya kamar kazar da ke kwanci. Na san gobe za ki kira. Na san zan yi awa huɗu ina kwasa, sannan ki leƙo ta ƙofar baya da tsintsiya a hannu ki ce in shigo gahawa ta yi, amma in kakkaɓe ƙafata tukuna, kamar ba yashin ne a kan teburin ba. Kek ɗin cerinki kullum sai ya yi ƙas-ƙas a haƙori, ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ne ƙadangaren, Loretta. Gidanki yana nutsewa, ni ina murna a ɓoye, kuma kunyar wannan ce ta ɗaure mini baki duk shekarun nan. Ki yafe mini, ko ki zage ni, amma dai yanzu kin sani.

Sai ranar Lahadi! Wayyo, ranar Lahadi!

Ko ganye ba ya motsi ran nan, amma waya ta yi ƙara. Na zo na same ki tsaye a bayan gida da hular kaba, kin riƙe ƙugu kina hararar Tsohuwa. Kika ce: "Shekara talatin ina maƙwabtaka da matar nan, tana cin gidana, ban taɓa hawa kanta ba. Kafin in tafi sai na taka mata wuya. Za ka raka ni, ko gwiwar taka ta ƙarfe ba za ta iya ba?"

Wa zai ji wannan ya zauna? Muka kama hawa. Taku uku, biyu su koma. Kina gaba kina yi mini tsiya, wai kina jin numfashina kamar tsohuwar katafilata da safiyar sanyi, wai in na mutu a nan ba sai an wahala da haƙa kabari ba, kwana biyu Tsohuwa za ta yi aikin. Ni kuwa ina baya da rarrafe, hannu da ƙafa, ina kallon dugaduganki suna watso mini yashi a fuska, ina cewa a raina, Ubangiji ka tsawaita tudun nan, kada ya ƙare.

Da muka kai ƙoli, sai ga tafkin ya buɗe a gabanmu, shuɗi shar, ba iyaka, rana tana rawa a kansa. Amma ke baya kika juya. Can ƙasa ga rufin gidanki ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana, yashi ya rungume shi ta gefe uku. Tsiyar duk ta ɗauke. Na ga haɓarki tana rawa, na ji kamar an tsaga ni, don ban taɓa ganin kin yi kuka ba, ko ranar da aka binne Harlan kin daure sai da kowa ya watse. Ina neman abin da zan ce, sai kawai kika share ido, kika tuɓe takalma, kika miƙo mini su, kika juya wajen tafki kika zura a guje.

Mace mai jikoki huɗu! Hular kaba ta yi nata wuri, furfurarki ta warware, hannuwa a buɗe, kina ihu kina gangarawa kamar 'yar shekara bakwai. Tsuntsayen ruwa suka tashi gaba ɗaya. Ni da na yi shekara arba'in ina yi wa baƙin Chicago dariya idan sun gangara tudun nan sun kasa dawowa, ban san lokacin da na bi ki ba. Taku goma na yi a tsaye, sauran kuwa mirginawa na yi, takalmanki a ƙirji, kai ƙasa ƙafa sama, har na tsaya a gabanki baki cike da yashi. Kin yi dariya har kika zauna daɓas a cikin ruwa.

Sannan kika jawo ni bakin ruwan, kika jiƙa gefen rigarki, kika goge mini ido da kunne a hankali, kamar wani abu mai fashewa. Muka zauna ƙafafunmu a ruwa mai sanyin ƙanƙara, igiyar ruwa tana zuwa tana komawa, hannunki a cikin nawa, ba ki janye ba. Kika dube ni ido cikin ido kika ce: "Wendell, akwai abin da kake son faɗa mini?"

Me na ce? Me wannan sakaran ya ce? Cewa na yi da alama gobe iska za ta juya.

Kin dai yi murmushi kika ce haka ne, da alama. Muka zagaya ta bakin ruwa muka koma gida ta doguwar hanya, kina ba ni labarin jikokinki, ni kuwa ina ji kamar in kama kaina da mari.

To ga amsar da ta maƙale. Ina son ki, Loretta. Ina son ki tun ina da baƙin gashi a gefen kunne. Ina son masifarki, ina son yadda kike yi wa yashi faɗa kamar yana ji, ina son tabaraunki da kullum kike nema alhali yana kanki. Ki aure ni! Ga shi na rubuta, kuma wannan takardar ba za ta shiga murhu ba.

Kuma wai Arizona? Haba, zumata! Ki tsere wa tudun yashi ɗaya ki faɗa hamada sukutum? Ai an gudu ba a tsira ba ke nan. Wa zai kawo miki kifin tafki a can? Wa za ki yi wa tsiya? Gidana mil huɗu ne daga naki, a kan jar laka mai taurin kai irin nawa, Tsohuwa sai ta yi shekara dubu ba ta iso ba. Akwai itatuwan ceri arba'in da ba mai yi musu magana, akwai taga mai kallon gabas inda keken ɗinkinki zai zauna daram, na auna da igiya jiya. Ba gidan Harlan ba ne, kuma ba zan ce ki manta da shi ba, ki zo da hotonsa, ni zan buga ƙusar da kaina.

Wani abu kuma, kafin ki ji a bakin wani. Da safen nan na kira Corinne, na tsaya tsaye a ɗaki ni kaɗai, hula a hannu, na nemi izinin auren mahaifiyarta. Ta yi dariya har wayar ta suɓuce mata. Da ta dawo sai ta ce: "Kawu Wendell, ni kake tambaya? Je ka tambaye ta. Kwali ɗaya take ɗaurewa tana kwancewa tun ranar Litinin."

Ban yarda da gidan waya ba, don haka ni na turo wasiƙar nan ta ƙarƙashin ƙofarki. Ki je tagar gabas, wadda yashi ya bar miki, ki ɗaga labule. Wancan mutumin da ke tsaye a bakin hanya cikin baƙar kwat da ta matse shi, yana ta juya hula a hannu, ni ne. Idan e ce, ki buɗe ƙofa kawai, ba sai kin ce komai ba, kin ga dai ni ma ban iya ba. Idan a'a ce, ki saki labulen, zan gane. Ranar Asabar da sassafe zan zo, ni zan ɗauki mafi nauyin kayanki in sa a mota, in ɗaga miki hannu ina murmushi, ba za ki ga hawayena ba sai motar ta sha kwana.

Ko kina mil huɗu ko mil dubu biyu, zuciyar nan ba ta taɓa zama ta kowa ba sai ke, kuma a haka za a binne ta.

Naki har ƙarshen numfashi, wanda ke jiranki a bakin hanya,

Wendell