Reshen da Ya Tsallake Katanga

Kongolam, Afrilu 2003

Zuwa ga maƙwabcina Malam Sada, Daura.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaishe da iyali.

Malam, sai na taya ka murna. Fadila ta aiko mini da labari cewa ka zama gwanin lambu. Ta ce ka hau tsani da adda ka yi wa rumman ɗina aski, aski mai kyau, har ba a gane shi. Madalla da maƙwabci irinka, mai duba gidan wadda mijinta ya rasu alhali tana bakin iyaka tana neman na abinci.

Abu ɗaya ka manta, ka tambayi lokaci. Rumman ba a taɓa shi yana fure. Sai an gama cire 'ya'ya, sanyi ya shigo, sannan a rage busassun rassa da masu gogar juna da 'yan tohon gindi. Da almakashi ake yi, a karkace. Adda ta faskare ce. Baban Fadila ne ya dasa shi da hannunsa shekarar da ya kwanta ciwo, kuma ka sani, don kai ka ara masa garma.

Allah ya saka maka daidai da aikinka.
Hadijatu

*

Daura, Mayu 2003

Zuwa ga Hajiya Maman Fadila.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, saƙonki ya iso ta hannun Mati direba.

Ban yi zalunci ba. Furen yana zuba cikin randar alwalata, na yi magana ba a ji ba, na kai gaban alƙali. Ya ce duk reshen da ya tsallake katanga, wanda reshen ya shiga gidansa yana da ikon sare shi. Idan adda ta zarce zuwa ɓangarenki kaɗan, kuskuren hannu ne. Itace dai yakan sake tohowa, ki yi haƙuri.

Sannan ki ja wa Fadila kunne game da gwaibata. Bana ne za ta fara 'ya'ya bayan doguwar jira, jar gwaiba ce da na sayo daga Kano, kuma na riga na yi wa surukaina na garin Babban Mutum alkawarin kwandon farko.

Wassalam.
Sada

*

Daura, Agusta 2003

Malam, salamu alaikum. Barka da Juma'a.

Na dawo gida. Rumman bai toho ba. Inda addarka ta tsaga gindin ruwa ya shiga, ya ruɓe. Jiya na tuge shi da kaina.

Da na ɗaga kai sai na ga gwaibarka. Kai, Allah ya yi mata albarka! Ashe ita ma ba ta son zaman gidanka, kusan duk jikinta a tsakar gidana yake, rassa sun sunkuya da 'ya'ya, saura kaɗan su nuna. Kana masallaci na bi fatawar alƙalinka. Kada ka damu, ni aikin ƙwararru na yi: almakashi mai kaifi, yanka a karkace, na shafa toka a kowane baki. Daidai kan katanga na tsaya, hannuna bai yi kuskure ba.

'Ya'yan kuwa naka ne, ni ba na wasa da kayan mutane a wannan zamani. Ga su nan cikin buhu Fadila ta kawo, kore shar, masu tauri kamar tsakuwa. Ka gaishe mini da mutanen Babban Mutum.

Maƙwabciyarka,
Hadijatu

*

Hajiya,

Wannan mugunta ce tsagwaronta. Da kin jira su nuna. Sai mun haɗu a kotu ranar Litinin.

Sada

*

Malam,

Allah ya kai mu lafiya, zan zo da wuri. Kai za ka tuna wa alƙali hukuncin, ko ni?

Hadijatu