Ka Zo In Duba Kunnenka

Zuwa ga maigidana Lawali, jikan da ya tafi Yamai ya bar matarsa da shara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da masu ba ka abinci a can, ina sanar da kai cewa littafinka na fari ya iso Matameye. Direban taksin Damagaram ya kawo mini shi ranar kasuwa, a cikin leda. Na zazzage ledar har sau biyu, ko ɗankwali babu. Haka ake yi wa uwargida?

Na kuma ji ka a rediyo. Da aka tambaye ka inda ka samo wannan labari mai rikita hankali, sai ka jero sunayen marubutan ƙasashen da ban san ko ana tuƙa tuwo a cikinsu ba. Ka ce bayan asuba kake rubutu, ka rufe ƙofa, ka kashe waya. To, yanzu na san abin da ke hana kirana shiga. Can a ƙarshe ka ce har da wata tsohuwa. Wata tsohuwa, kamar wadda ka wuce a bakin tasha.

Bari tsohuwar ta tuna maka. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa, babanka yakan dawo daga cirani a Kano, ya rame, ya yi baƙi, da sabuwar hula a kai. Kai kuma ka rugo za ka faɗa jikinsa, ni in cafke wuyan rigarka in raɗa maka: “Tsaya tukuna, duba kunnensa, kada a ce wani aka aiko mana.”

Sai ka tsaya cak. Ka yini kana zagaya shi, kana lura da yadda yake gutsurar tuwo, da yadda yake ɗaukar buta. Uwarka ta ce zan zautar mata da ɗa. Shi kuwa babanka sai ya durƙusa ya miƙo maka kunne yana dariya.

Yau ga wasan nan nawa a takarda: mace mijinta ya dawo daga cirani, ta ce ba shi ba ne, gari ya ce ta taɓu. Na bi shi a hankali, yatsa bisa layi, don ɗan zaman da na yi a lakwal, makarantar boko, bai koya mini gudu ba. Da na zo wurin da ta laɓe bayan ƙofa tana sauraron tarinsa don ta ji ko irin na da ne, na ajiye littafin na leƙa tsakar gida. Ba kowa sai akuya. Tun da babanka ya yi tafiyar da ba a dawowa, uwarka ta koma Icirnawa wurin danginta, ba wanda nake tsokana. Akuyar kuwa ba ta jin tsoro, na gwada.

Ban karanta babin ƙarshe ba, Lawali. Na sa tsinken tsintsiya a wurin na rufe. Likita ya ce yanar ido ce ke rufe mini gani sannu a hankali. Ran nan wani mai sayar da albasa ya yi sallama a zaure, tsayinku ɗaya, na kira shi da sunanka. Har na kama hannunsa kafin in gane. Bawan Allah ya bar mini hannun har na saki da kaina.

Matar littafinka tana tsoron baƙo ya shigo da fuskar mijinta. Ni tsorona kai ka shigo in ɗauke ka baƙo.

Saboda haka ka zo ka karanta mini ƙarshen da bakinka. In ka iso kada ka rugo. Tsaya a zaure inda akwai haske, ka durƙusa, ka miƙo kunnen hagu. Tabon faɗowarka daga amalanke yana nan a bayansa, ina so in gan shi da idona tun kafin ya zama sai da yatsa.

Allah ya yi wa alƙalaminka albarka, ya tsare maka hankalinka da kake wasa da na mutane, ya jiƙan babanka, ya kawo mini kai tun da sauran haske.

Taka har kullum, wadda ba a saka ba,
wata tsohuwa,
Hajiya Dije, Matameye