Ku buɗe mini hular lantarki, ko ku zo ku ɗauke abinku

Zuwa ga Likita, shugaban sashen masu ciwo mai daɗewa, a asibitin da ya ba ni na'ura a Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka, da fatan iyali suna lafiya. Na rubuto a fili ne saboda na zo ofishinka an sallame ni tun daga bakin taga, kuma ina so mutanen garinmu su ma su ji.

Sunana Isiyaku, manomi ne ni a wani ƙauye a ƙasar Minjibir. Tun ranar da amalanken shanu ya kife da ni ciwo ya zauna mini a ƙugu, ya gangara ƙafar hagu. Na yi shekaru barcina bai wuce gyangyaɗi ba. Bayan girbin bara kuka sa ni cikin waɗanda kuke gwada wa na'urar nan da ake ɗaurawa a ka, a jiƙa soso da ruwan gishiri, lantarki ɗan kaɗan ya riƙa shiga kamar tafiyar kiyashi. Mu nan hular lantarki muke ce mata. Ba zan ce ta warkar da ni ba, amma ciwon ya sassauta, har na koma sai an tashe ni sallar asuba. Wannan alherin ban manta da shi ba.

Na farko. Ma'aikaciyarku ta gaya mini ni kaɗai zan sa, domin akwai wanda za ta iya cutarwa, kamar mai farfaɗiya. Na ji, na kuma yarda. Abin da ba ta tambaye ni ba shi ne irin wurin da zan kai ta. Gidajenmu dangar kara ce kawai a tsakani. Turmi, tsani, garma, har jakin kai taki, duk aro muke yi, kuma ba a taɓa jin wanda ya hana maras lafiya abin da zai ji sauƙi ba. Duk da haka na hana. Na hana abokan tasowata, na hana ƙanin liman, har aka sa mini suna Isiyaku mai hula. Na haɗiye.

Na biyu. Sai saƙo ya zo daga surukina, mahaifin matata Rabi, tsohon da gwiwoyi suka hana barci. Bai roƙe ni ba, suruki ba ya roƙo. 'Yarsa ya gaya wa: "Ki ce wa maigidan naki hular nan tasa ta zo ta kwana biyu a wurina." Likita, mutumin nan ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa kama sunansa ba. In na gamu da shi a hanya sai na cire takalmi na durƙusa. Shi ya ba ni mata, shi ya ba ni gonar da nake nomawa. Da wane bakin zan ce masa a'a? Rabi ta naɗe ta a zane ta fita, ni kuwa na kau da kai. Daga nan hula ta riƙa kai-kawo tsakanin gidajen biyu.

Na uku. Ashe na'urar tana lissafa duk sawar da aka yi mata. Rabon da kuka ɗibar mini ya ƙare kafin lokaci, ta kulle, tana neman lambobin da ku kaɗai kuke bayarwa. Na hau mota da wannan ƙugun nawa har Kano. Yarinyar da ke taga ta duba kwamfuta ta ce, "Malam, ka karya doka, an cire ka." Ko dalili ba ta tambaya ba. Na san kai biyu a hula ɗaya ya ɓata muku bincike, ban musa ba. Amma ai sai a saurari mutum.

Ga halin da nake ciki yanzu. Ciwo ya dawo, kuma ya fi na da ɗaci, don yanzu na san daɗin barci. Surukina bai yarda ta kulle ba, gani yake ɓoyewa na yi. Abin da ya ce wa Rabi shi ne, "Yau kuma ƙarfe ne ya koyi rowa?" In ta je gaishe shi da ƙyar yake amsawa, ta dawo ido jawur. Hadari ya fara haɗuwa, kowa ya kai taki gona, ni ko sunkuyawa ba na iyawa. Hular tana nan cikin ɗakina. Ba ta yi mini aiki, ba na iya ba da aronta, ba ni da ikon jefar da ita tunda taku ce. Wallahi na gaji.

Roƙona shi ne ku buɗe mini ita kafin shuka. Sannan ku duba tsohon nan. In ta dace da shi ku ba shi tasa, in ba ta dace ba ku gaya masa da bakinku, domin bakin likita yana faɗin abin da nawa ba zai iya ba. Duk wanda za ku ba wa nan gaba kuma, ku fara zama da manyan gidansu.

In duk wannan ba zai yiwu ba, to ku zo ku ɗauke abinku. Amma ku zo da motar asibiti, da rana tsaka, ku bi ta ƙofar gidan surukina a hankali yadda zai gani da idonsa. Barcin na haƙura da shi, ku dai fitar da ni daga zargi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya saka maka da alheri. Allah kada Ya nuna maka ranar da za ka zaɓa tsakanin barcinka da surukinka.

Wassalam.

Isiyaku, daga ƙasar Minjibir.