Makin da Na Hana Linnea

Fosston, Minnesota
18 ga Nuwamba

Zuwa ga yayata Marlys,

Ina miƙo gaisuwa mai yawa daga ni da mutanen gidan nan, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Yaya Gordon. Ubangiji ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan, ya ba ku lafiya mai ɗorewa a can Tucson. Na san yanzu lokacinku ne na yi mana dariya, kuna zaune a inuwa da riga mai gajeren hannu, mu kuwa dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gona tun makon jiya. Maigidana Duane yana nan da ciwon gwiwarsa, likita ya ce ya huta, shi kuma ya ce a gaya wa shanun su huta tukuna. Ranar Lahadi bayan coci na kai wa Mama lefse, gurasar dankalin nan tamu ta gado, a gidan tsofaffi. Ta ci biyu, ta goge baki, ta ce ya yi kauri, naki ya fi. Shekararta tamanin da bakwai, ta manta sunan fasto, amma wannan ba ta manta ba.

Yaya, sau biyu kika kira a watan nan kina tambayar yadda neman jami'ar 'yata Linnea yake tafiya, sau biyu na ce miki komai lafiya lau. Ƙarya na yi miki. Na ɗauki waya sau da dama in gyara, sai kunya ta riƙe mini baki, shi ya sa na koma ga biro da takarda, don a nan ba zan ji shirunki ba.

Kin tuna bikin Godiya na shekara tara da ta wuce, a gidan Baba, lokacin da na sanar cewa zan cire Linnea daga makaranta in koyar da ita a gida? Kina yanka talotalo, ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce a shekarunki na koyarwa ba ki taɓa ganin uwar da ta iya ba ɗanta maki ba, duk wadda aka miƙa wa jan biro A take rubutawa. Kowa ya yi dariya, har da ni. Ƙila ke kin manta kafin a kawo kayan zaƙi. Ni kuwa na ɗauki maganar na tafi da ita gida, na ajiye ta a teburin kicin inda muke karatu, kuma tun ranar ba ta tashi daga wurin ba. Na yi wa kaina alkawari cewa makarantata sai ta fi taki tsanani. Duk watan Yuni da nake aiko miki da kwafin sakamakonta, kin ɗauka zumunci ne. Ba zumunci ba ne, so nake ki ga B da C ɗin nan ki haɗiye maganarki.

Bari in ba ki misali, don ki san irin malamar da ƙanwarki ta zama. A shekararta ta biyu ta sakandare ta yi aikin ilimin halittu a kan gudawar da ke kama mana maruƙa da sanyi. Wata huɗu tana auna zafin jikinsu safe da yamma, tana rubuta abin da kowanne ya sha, har ta gano cewa waɗanda ke kusa da ƙofar arewa su suka fi kamuwa. Duane ya toshe ƙofar, cutar ta ragu. Shafi arba'in ta rubuta, da zane-zane. Na ba ta B, saboda ta kawo aikin bayan kwana biyu da ranar da na yanka. Kwana biyun nan kuwa tana wurin wata karsana da haihuwa ta zo wa da gardama, ni kaina na kai mata shayi can. A kimiyyar sinadarai kuma C na ba ta. Gaskiyar magana ita ce tun a tsakiyar littafin ta wuce ni. Idan ta bi wata hanya da ba ta cikin littafin amsoshi, sai in soke, don ban san yadda zan gane ko daidai ce ba, kuma girman kai ya hana ni kiran ki in tambaya. Ita kuwa ba ta taɓa musu ba. Sai ta karɓi takarda ta duba, ta ce to, Mama, ta ninke ta saka a jaka.

A watan Oktoba ta zauna jarrabawar shiga jami'a. Na kai ta makarantar gari da sassafe, da fensir huɗu da ayaba a aljihu. Yarinyar da ba ta taɓa rubuta jarrabawa a wani wuri ban da kicin ɗina ba, ga ta cikin yara fiye da ɗari a zauren wasanni. Ina mota ina addu'a kada ta ba ni kunya. Ki lura da addu'ar, ban ce kada ta ji tsoro ba. Da sakamako ya fito, cikin kowane yara ɗari a ƙasar nan biyu ne kawai suka kai ta. Kaina ya yi girma, babu matar da ban tare ba a coci, har waɗanda ba su tambaya ba. Linnea dai ta dubi lambar ta ce ƙila tambayoyin ne suka zo da sauƙi, ta saka takalminta ta tafi tatsa. Na ɗauka kawaici ne irin na dangin ubanta.

Kin san abin da take so tun tana ƙarama, likitancin dabbobi. Jami'ar da ta nema tana da wani shiri na musamman, yara ashirin kawai suke ɗauka a shekara, wanda ya shiga kuma an ajiye masa gurbi a makarantar likitancin tun daga farko. Da aka zo cike takardu, ni ce malama, ni ce shugabar makaranta, ni ce mai ba ɗalibai shawara. Ni na buga takardar sakamakon shekara huɗu na sa hannu, ni kuma na rubuta wasiƙar shaida. Na zauna na ce ba zan yi irin ta iyayen nan masu yabon 'ya'yansu ba. Na rubuta cewa tana da basira amma takan makara da aiki, tana da taurin kai wajen bin hanyar da aka koya mata, kuma takan bar littafi ta tafi wurin dabbobi. Na karanta na ji daɗin kaina. Har na raya a raina cewa da Marlys za ta ga wannan, da ta sara mini.

Ranar Talatar makon jiya ina murza dankalin lefse waya ta yi ƙara. Wata mata ce daga ofishin ɗaukar ɗalibai, Misis Okerlund, ta ce da shugabar makarantar Linnea Haugen take son magana. Na ce ga ta, hannunta duk fulawa. Ta yi dariya, mace mai kirki ƙwarai. Ta ce takardun sun ɗaure musu kai. Idan suka ga jarrabawa a sama, makin aji a tsakiya, ga kuma wasiƙa mai cewa ana makara da aiki, abu ɗaya suke fahimta: yaro mai ƙwaƙwalwa amma malalaci. Shirin nan kuwa masu juriya yake nema, don haka sunan Linnea yana gefen waɗanda za a bari. Na fara in'ina ina cewa yarinyar da ke tashi ƙarfe biyar kullum ba malalaciya ba ce. Sai ta ce:

"Misis Haugen, takardun 'yan karatun gida kusan duk A ne daga sama har ƙasa, mukan rage musu nauyi da kanmu. Taki ce muka gani muka ce ga uwa mai gaskiya, muka yarda da kowane harafi."

Yaya, abin da na yi shekara tara ina nema ke nan, a yarda da ni. Ga shi an yarda. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tambaye ta ko zan iya aiko da sabuwar takarda, ta ce uwar da ta canza maki bayan an kira ta a waya, kwamiti ba zai ƙara duban komai nata ba. Hanya ɗaya ta rage: malami mai lasisin koyarwa ya duba ainihin ayyukan yarinyar ya ba da nasa makin a rubuce, ya isa wurinsu kafin sha biyar ga Disamba. Na gaya mata cewa ina da yaya da ta koyar da kimiyya shekara talatin da ɗaya. Ta ce babu laifi, muddin kin bayyana dangantakar a takardar kin kuma sa lambar lasisinki.

Kwana biyu na yi ina kewaye-kewaye kafin in gaya wa Linnea. Duane ne ya ce idan ban faɗa ba shi zai faɗa, kuma kin san shi, a jimla ɗaya zai gama. Ranar Alhamis da la'asar na same ta a rumfar maruƙa tana ba wani madara a kwalba. Na tsaya a bakin ƙofa na zayyana mata komai, har da maganar bikin Godiya, har da littafin amsoshi. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa, da ta yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi. Ta bari maraƙin ya shanye. Sannan ta juyo.

"Mama, wato C ɗin nan ba tawa ba ce?"

Na ce ban sani ba, abin da na sani shi ne ban isa in ba ta ba.

"Ni fa na yarda da ke. Shekara huɗu ina ganin ni 'yar tsaka-tsaki ce mai ƙoƙari."

Daga nan ne na ji abubuwan da ban sani ba, a gidan da nake taƙamar na san numfashin kowa. Ashe ba kawaici ta yi ba ranar sakamakon jarrabawa, da gaske ta ɗauka sa'a ce, tun da malamarta ta shekara tara ta fi wata jarrabawar safiya ɗaya sanin ta. Ashe shirin nan ma ba ta yi niyyar nema ba, ubanta ne ya matsa. Ashe tun watan Satumba ta karɓo takardar neman aiki a shagon abincin dabbobi na gari, ta cike ta ajiye a aljihun tebur, don kada ta rasa abin yi idan an ƙi ta. Duk wannan ta faɗa mini tana wanke kwalba, ba tare da ɗaga murya ba. Ni da na cire ta daga makaranta don kada wani baƙo ya karya mata gwiwa, ga abin da na yi da hannuna, da jan biro, a kan teburin da take cin abinci.

To, ga roƙona, kuma kin san ban saba roƙon ki ba. Jiya na kai akwati gidan waya, ya kamata ya iso miki kafin takardar nan ko tare da ita. Littattafanta ne na kimiyya da lissafi na shekara huɗu, da aikin maruƙan nan, da duk jarrabawar da na yi mata. Jan bironta nawa yana ko'ina a jiki, za ki ga inda na soke daidai, ki daure kada ki kira ni a kan kowanne. Ki duba su yadda za ki duba na 'yar da ba ki taɓa gani ba. Kada ki ƙara mata don tausayi, kada kuma ki rage don gudun a ce ke yayar uwarta ce, wannan ciwon na riga na yi mana shi mu biyu. Idan C ce, ki rubuta C. Na san bayanki ba ya son dogon zama, na san kuma lokaci ya ƙure, kwana ashirin da bakwai ne daga yau. Ko kin yi, ba tabbas za su ɗauke ta, Misis Okerlund ba ta yi mini alkawari ba. Amma ko gurbin ya tafi, yarinyar nan tana buƙatar wani ya gaya mata gaskiyar abin da ta iya, kuma bakina ya daina aiki a wurinta.

Ba ta yi fushi da ni a fili ba. Tana gaishe ni da safe, tana wanke kwanoni, jiya ma ita ta ɗauki akwatin ta saka a mota. Litinin da ta wuce na shimfiɗa littattafai a tebur kamar kullum, ta zo ta zauna ta yi aikinta tsaf, amma da ta gama ba ta turo mini ba, ta rufe ta saka a jaka. Ban tambaya ba.

Ki gaishe mini da Yaya Gordon, ki ce Duane yana tambaya ko har yanzu yana kiran wannan wasan golf ɗin nasa motsa jiki. Ki gaishe da 'yarki Kirsten da mijinta da jaririya, muna jiran hoto. Ki gaishe da ɗanki Anders idan ya kira daga jirgin ruwa. Mama ta ce in gaya miki ki zo Kirsimeti ki yi mata lefse na kirki. Duane yana gaisuwa, Linnea ma tana gaishe da innarta.

Saura abu ɗaya. A saman akwatin za ki ga ambulan da Linnea ta saka da kanta, da kan sarki a manne. Ta ce kwafi ɗaya na makin da kika bayar ki aika jami'a, ɗaya kuma ki saka a ciki ki aiko mata. Na duba bayansa, adireshin gidan nan ne, amma sunanta ne kaɗai a rubuce. Ki bi yadda ta ce. Idan ya iso zan ɗauko shi daga akwatin wasiƙu in ajiye mata a kan gado, ba zan buɗe ba.

Taki ƙanwa,
Corinne